Tulun da Shufen Ta Ƙi Ajiyewa

Duk wanda ya ce muku Niu Shufen ta je gidan gwanjo ta yi hauka, ku tambaye shi wa ya fara. Ba zai faɗa ba. Masu farar safar hannu ba sa faɗin wanda ya fara, sai dai su ce wata tsohuwa ta zo ta ɓata musu yini. To ga yadda aka yi tun daga tushe, kowa ya yanke hukunci da kansa.

Shufen tana da tulu. Na gilashi ne mai kauri, tsawonsa taƙi ɗaya da 'yan yatsu, launinsa kamar gwaiduwar ƙwai. Kakarta ta same shi wurin wani tsohon bawan fada da take yi wa wanki bayan fada ta watse. Da zai mutu ba shi da kowa, ya ce ta ɗauka. Kakar ta ba uwar, uwar ta ba Shufen ranar da aka kai ta ɗakin miji, haɗe da marfin itacen magarya da ubanta ya sassaƙa da hannunsa. Aikin tulun ɗaya ne tak. Duk shekara ranar Laba, takwas ga watan ƙarshe, a ɓare tafarnuwa a cika shi, a zuba khal, ruwan tsamin nan na shinkafa, a toshe, a ajiye bakin taga inda sanyi ya fi. Kafin sabuwar shekara tafarnuwar ta koma kore shar, a ci da jiaozi, 'yan curin fulawar nan masu nama a ciki. Uwar Shufen ta ce dole ranar Laba, dole kuma kafin rana ta faɗi. Wadda aka saka washegari tafarnuwar ragwaye ce. Shekara arba'in da bakwai Shufen ba ta tsallake ko ɗaya ba, har shekarar da Laba ta same ta da jego na kwana biyu.

Mijinta, Dou Baoshan, direban bas ne da ya yi ritaya. Shekara arba'in yana tuƙi a Beijing bai taɓa buge ko kare ba. Mutum lafiyarsa ƙalau, har ranar da ya zauna gaban talabijin ya ga wani ya kawo tsohon kwano an ce ya fi gida tsada. Shi ke nan, ya lalace. Ya sayi tocila, ya sayi madubin ƙara girman abu, ya sayi farar safar hannu. Duk Asabar sai ya tafi kasuwar tsofaffin kaya ya dawo rungume da tulun gilashi, wai daga fada ya fito. Tuluna talatin da ɗaya a ɗaki biyu: kan firji, ƙarƙashin gado, har cikin bahon wanki.

"In duk waɗannan daga fada suke," in ji Shufen, "a ina sarkin yake miƙe ƙafa?"

Abin da ya fi ƙona mata rai ma ba tulunan ba ne, dokar ce. Masu wannan harka ba sa miƙa wa juna kaya hannu da hannu. Mai bayarwa ya ajiye a tebur ya janye hannunsa, sannan mai karɓa ya ɗauka, don in abu ya faɗi a san wanda ya kayar. Kuma muddin abu yana hannun mutum, ba mai taɓawa, ba mai fizgewa, sai ya ajiye don kansa. A kasuwa wannan da ma'ana. Amma Baoshan ya kwaso dokar ya kawo gida. Ta miƙo masa shayi, ya ɓoye hannuwa a baya. "Ajiye a tebur, tsohuwa." Ta miƙo kwanon taliya yana ƙona ta. "Ajiye a tebur." Ranar da 'yarsu ta miƙa masa jaririyar da ta haifa, sai da ya waiga yana neman tebur. Shekara shida ana haka.

To, safiyar Laba ta bana, Shufen ta sauke kunu, ta hau kujera ta sauko da tulu daga saman kabad, ta kwance tsumman da take naɗe shi. Launin dai shi ne. Ta ɗora marfi don ta gwada kamar kullum, sai marfin ya zurma ciki, ƙwal. Ta sa hanci. Babu komai. Tulun da ya sha tafarnuwa tun zamanin kakarta, wai ba ya warin komai, kamar kofin asibiti.

Baoshan yana gaban madubi cikin kwat ɗin da ya aro wurin surukinsu, yana kwantar da 'yan gasusuwan da suka rage masa.

"Tsohon banza. Ina tuluna?"

"Ga shi a hannunki."

"Ka dube ni da kyau. Ina tuluna?"

Da ya san kunya da ya sunkuyar da kai. Ina! Baki ya washe, ya zaro wani littafi mai ƙyalli daga ƙarƙashin katifa, ya buɗe. Ga tulunta nan a hoto, shi kaɗai a shafi guda, an haska shi kamar amarya. Tun lokacin kaka Baoshan ya juya shi ya ga alamu huɗun da ke gindinsa, waɗanda Shufen ta ɗauka an karce ne don kada ya zame a tebur. Wai hatimin Sarki Qianlong ne. Ya ɗauke ya kai gidan gwanjo, ya ajiye mata ɗaya daga cikin nasa na kasuwa. Da yake ya san ba ta yi makaranta ba, har da karanta mata, yana bin layi da yatsa:

"'Daga taskar Malam Dou, wanda ya shafe shekara arba'in yana tara gilashin fada.' Kin ji? Malam Dou. Yau ƙarfe uku za a yi gwanjonsa. Tsohuwa, gida mai lif zan saya miki. Gwiwoyinki za su gode mini."

"Tafarnuwata fa?"

"Ga tuluna talatin da ɗaya, ki zaɓa!"

Ya fice abinsa, wai za shi aski, daga can ya ɗauki abokansa su je su ga ranarsa.

Shufen ba ta yi kuka ba. Ta zazzago marfinta ta sa a aljihun ciki. Ta cika fulas da shayi, ta ƙulle turararren burodi huɗu a leda, ta ɗauki littafin. A tashar bas ta nuna wa wata mata bayan littafin, matar ta ce lamba kaza, ki sauka a babban otal, hawa na uku.

Wurin duk madubi da kafet, ga tuluna a cikin akwatunan gilashi, ja da shuɗi da kore, mutane suna zagayawa suna raɗa kamar gidan makoki. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta dubi rigar audugarta da ledarta ta ce, "Inna, kin ɓata hanya ne?"

Shufen ta buɗe littafin ta dangwala yatsa kan hoton. "Ni ce matar mai wannan."

Kai, ku zo ku ga ladabi! Nan da nan aka kira masanin gidan, Malam Kuang, wani siriri mai tabarau da igiya a wuya. Ya rusuna har sau biyu. Ya zaunar da ita gaban wani tebur mai shimfiɗar koren ƙyalle inda ake ba manyan baƙi kaya su duba, ya ce ai dole uwar gida ta yi sallama da abin da ta zauna da shi. Ya sa safar hannu, ya buɗe akwati, ya ɗauko tulun yana riƙe numfashi, ya ajiye a tebur, ya janye hannuwansa.

Shufen ta ɗauka. Ta sa hanci. Yauwa. Ta rungume shi a ƙirji, ta gyara zama. Ƙarfe goma da rabi ke nan.

"Kin ga launin, Inna?" in ji Malam Kuang. "Mu kitsen kaza muke ce masa. Ba mai amfani da shi sai sarki. Ga kuma wani ɗan ƙamshi a ciki, na rubuta a littafi, ina kyautata zaton maganin fada aka taɓa ajiyewa."

"Tafarnuwa ce."

"Na'am?"

"Tafarnuwa. Hancinka ma digiri gare shi?"

Ya yi 'yar dariya, ya ɗauka raha ce. Ya jira. Ya duba agogo. Wasu masu saye uku sun riga sun yi layi a bayanta da tocilolinsu.

"Inna, in kin gama dubawa..."

"Ban gama ba."

Bayan minti ashirin ya sake. Ta ce ba ta gama ba. Bayan awa guda ya sake. Ta ce, "Ɗana, ni a hankali nake dubawa. Ba dokarku ba ce? Abu na hannun mutum, ba mai taɓawa sai ya ajiye. Shekara shida ana koya mini ita da shayi mai zafi. Ko kun soke ta yau?"

Ba su soke ba. Ba kuma za su iya ba, domin duk wanda ya kai hannu tulun ya faɗi, shi ya kayar, kuma kowa a ɗakin ya san haka. Masu gadi biyu ƙatti suka zo suka tsaya kanta, kowanne hannuwansa a baya kamar ɗan makarantar da ya yi laifi.

Da rana ta yi tsaka ta ji yunwa. Ta saki hannu ɗaya za ta kwance leda, sai ɗakin gaba ɗaya ya yi "Wayyo!" Malam Kuang ya durƙusa. "Inna, na roƙe ki, hannu biyu! Hannu biyu!"

"To da me zan ci?"

Haka masanin gilashin fada, wanda aka ce har ƙasashen waje ake kiransa, ya zauna yana gutsuro burodi da farar safarsa yana sa mata a baki, yana kurɓa mata shayi da marfin fulas. Ta ce ya yi zafi. Ya hura.

Shayi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Wajen ƙarfe ɗaya ta miƙe ta ce ina bayan gida. Aka yi ta kallon juna. Masu gadin suka ruga suka ciro matasan kujerun otal, ɗaya ya shiga gaba yana tafiya da baya a tsugune, matashi a ƙarƙashin tulu, ɗaya a gefe, Malam Kuang yana share hanya yana cewa a matsa, a matsa. Yarinyar bakin ƙofa ce ta shiga da ita. Abin da aka yi a ciki ba na labari ba ne, amma tulu bai taɓa ƙasa ba, yarinyar kuma ta fito tana kallon Shufen kamar ta ga uwarta.

Suna dawowa suka tarar da Maigida Pei, wani attajiri da ya taso daga Shanghai a jirgi don tulun nan kaɗai. Gajere ne mai tumbi, bai saba jira ba. Ya ji bayani, ya yi tsaki, ya miƙa hannu kai tsaye. Malam Kuang da kansa ya make hannun, fas! Sannan ya tuna wanda ya make, ya fara rusunawa.

Maigida Pei ya shafa hannunsa, ya jawo kujera, ya sauya murya. "Yaya, mu yi maganar manya. Me kike so? Gida? Mota da direba?"

"Ina da direba a gida, ba ya tsinana komai. Kai in ka saya, a ina za ka sa shi?"

"A ɗakin ajiya na banki. Ƙarƙashin ƙasa, ƙofar ƙarfe, ba haske, ba mai taɓawa."

"Wato kabari."

"Ajiya, Yaya."

"Me ya yi maka za ka binne shi da ransa? Kana da tafarnuwa a bankin?"

Ya dubi Malam Kuang. Malam Kuang ya dubi silin.

Ƙarfe biyu da rabi sai ga Malam Dou na littafi, an yi aski an shafa mai, abokansa uku na wurin shan iska suna biye da shi, kowa da tocilarsa a aljihu. Yana shigowa yana gaisawa da mutanen da bai sani ba. Sai ya ga taro. Sai taron ya dare. Sai ya ga matarsa da ɓurɓushin burodi a haɓa da tulun sarki a ƙirji. Wanda ya hau motar kwaɗayi dai an san tashar da yake sauka, kuma direban bas ya fi kowa sani.

Malam Kuang ya kama masa hannun kwat. "Malam Dou, saura rabin awa. Ka yi mata magana, don girman iyayenka."

Baoshan ya matso, ya rage murya. "Tsohuwa, ana kallonmu. Ajiye a tebur."

"A'a. Ba naka ba ne? Ungo." Ta miƙe tsaye ta miƙa masa tulun a iska, hannu da hannu.

Ɗakin ya kaure da ihu. Masu matashi suka zube ƙasa a ƙarƙashinta. Shi kuwa Baoshan, kafin ya yi tunani, hannuwansa sun riga sun gudu baya da kansu. Shekara shida ba wasa ba.

"Kun gani?" in ji Shufen. "Mai taska ke nan. Ko karɓa ba ya iyawa."

Ta zauna, ta dafe tulun tsakanin cinyoyinta, ta zaro marfin magarya daga aljihu. A leɓen tulun ta ciki akwai wata 'yar tsaga kamar ƙwayar gero, wadda Malam Kuang ya rubuta a littafi cewa alamar maƙeran fada ce. Cokalin uwarta ne ya yi ta, shekarar da aka yi babban sanyi. Ubanta da zai sassaƙa marfi ya bar ɗan ƙullutu daidai wurin. Ta juya marfin har ƙullutun ya sami tsagarsa, ta danna. Ƙwat. Malam Kuang ya haska tocila, ya zagaya, ya sake zagayawa. Ko gashi ba zai ratsa ba. Ya shinshina marfin. Ya shinshina bakin tulun. Maganin fada iri ɗaya.

Ya cire tabarau. "Malam Dou, ka sa hannu a takarda cewa kayan nan naka ne kai kaɗai. In ba haka ba ne, gidan nan ba ya sayar da kayan da mai shi bai yarda ba. Na waye?"

Baoshan ya dubi abokansa. Abokan suna duban takalmansu, ɗaya kafaɗarsa tana rawa.

"Na gidanmu ne," in ji shi.

"Da ƙarfi," in ji Shufen. "Na waye?"

"Nata ne."

"Wa ya ba ni?"

"Uwarki."

"Shekara arba'in ɗin nan da aka rubuta, me kake tarawa?"

Can ƙasa-ƙasa ya ce: "Fasinja."

Abokin nan mai rawar kafaɗa ya kasa, ya fashe har sai da ya dafa akwatin wani jan tulu, masu gadi suka yi kansa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Aka cire lambar tulun daga gwanjo. Maigida Pei ya fita yana waya yana zagin jirgi. Malam Kuang ya kawo akwati mai laushin ciki ya ce a sa tulun, ga motar gidan za ta kai ta. Shufen ta ce ita ba ta ajiye shi a teburin kowa sai nata, kuma bas ya kawo ta, bas zai mayar da ita. Malam Kuang ya ce ba ruwansa kuma, kaya ya fita daga hannun gida. Ya juya. Ya yi taku uku. Ya dawo ya fizgi matashi daga hannun mai gadi ya bi ta.

A bas aka tashi aka ba ta kujera. Malam Kuang ya tsuguna gabanta da matashi. Baoshan ya tsaya bayan direba cikin kwat ɗin aro yana masa tsawa: "Taka burki a hankali, ɗan nan! Wa ya koya maka tuƙi? Akwai rami bayan gadar nan, ka bi hagu!" Ran nan kaɗai a shekara shida ya yi wani amfani.

Suka iso rana tana kan rufin lungu, ta fara ja. Shufen ta ajiye tulu a teburin kicin ɗinta, ta janye hannuwanta da suka sandare, ta ce ba mai taɓawa. Ga tafarnuwa kwando guda ko ɗaya ba a ɓare ba. Ta tura wa kowa rabonsa. Malam Kuang ya ce shi fa zai koma aiki. Ta ce wanda ya iya gutsura burodi ya iya ɓare tafarnuwa. Ya zauna. Baoshan ta ce ya ɗauko madubinsa ya duba kowane ɗa, duk mai tabo a fitar, don mai tabo ba ya yin kore. Ya duƙa yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya ɗaya ce, ko ɗaya bai wuce shi ba.

Da ta ɗaga kwalbar khal, Malam Kuang ya rufe ido. "Inna, shekara ɗari biyu da hamsin fa..."

"Ɗari daga ciki tafarnuwa yake ci. Ka ga ya rame?"

Ta zuba har wuya. Ta juya marfi, ta danna. Ƙwat. Ta kai bakin taga, sauran hasken rana ya bugi cikin tulun, kicin ɗin gaba ɗaya ya koma ruwan gwaiduwa. Malam Kuang ya buɗe ido ya tsaya kallo, ɓawon tafarnuwa manne a tabaransa. Ya ce bai taɓa ganinsa a hasken rana ba. Ta ce to ya gani, ya kama hanya kafin bas ya cika.

Littafin nan kuwa har yau yana yawo a gari da ƙaryarsa. Ba wanda ya goge "Malam Dou", ba wanda ya rubuta Niu Shufen, balle uwarta, balle kakarta da ta yi wankin. Sau biyu tana komawa otal ɗin, ana ce mata an riga an buga. To wanda ya iya buga ƙarya ya iya buga gyara, kuma ta san lambar bas ɗin yanzu.

Da yammar nan dai ta dafa shayi. Ta zuba, ta miƙa wa Baoshan. Ya dubi tebur. Ta dube shi. Ya sa hannu biyu ya karɓa, kofin ya ƙona shi, bai nemi tebur ba.